KUNNEN JAM'IYYA: WAIWAYE A KAN JITA-JITA A SIYASAR AREWA

Gabatarwa

A shekarar 1377 Miladiyya malamin tarihin nan Ibn Khaldun ya keɓe kansa a wani ƙauye na ƙasar da ake kira Aljeriya a yau, ya rubuta gabatarwar babban littafinsa na tarihi, wadda aka fi sani da Muƙaddima. Tun a shafukan farko ya tsaya ya lissafa dalilan da ke sa ƙarya ta kutsa cikin labarai. Abin da ya sa a kan gaba shi ne ɓangaranci, wato mutum ya riga ya ba wani ra'ayi ko wata ƙungiya zuciyarsa. A bayaninsa, idan zuciya tana tsaka-tsaki, in labari ya zo mata takan juya shi ta auna kafin ta karɓa. In kuwa ta riga ta karkata, to da zarar labarin da ya dace da karkatarta ya iso sai ta rungume shi, ta kuma miƙa shi gaba.

Shekara 600 da ɗoriya ke nan, maganar tana nan daram, kuma mu a nan ba sai mun yi doguwar tafiya neman hujja ba. Hanyar nan da ta tashi daga Kawo ta ratsa Rigachikun da Katabu da Jaji ta faɗa Zariya, a bakinta biyu aka kafa manyan kafofin da suka daɗe suna gaya wa Arewa abin da duniya ke ciki: jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, sai gidan Rediyon Kaduna da jaridar New Nigerian a Kaduna. A tsakaninsu kuma akwai wata kafar da ta girme su, wadda ba ta da edita, wato tasha da kasuwa da teburin mai shayi. A Katabu da Mararrabar Jos, inda hanyar Jos ta rabu da ta Zariya, direban da ya taso daga Kudu yakan yada zango ya sauke labari tun kafin ya sauke kaya, wanda ya ji kuma ya ɗora wa motar da ta nufi Kano. Mai irin wannan aiki shi Hausawa ke kira rediyo mai jini. Manufar wannan maƙala ita ce mu bi tarihin waɗannan kafofi, mu ga wane irin labari mutanenmu suka gaskata a kowane zamani, da dalilin da ya sa suka gaskata shi.

Jaridar da jita-jita ta haifa

A shekarar 1938, lokacin da Hitila ke ta neman a mayar wa Jamus ƙasashen Afirka da aka ƙwace mata bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai magana ta bazu cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus domin a zauna lafiya. Ruwa ba ya tsami banza. Maƙwabciyarmu Kamaru a hannun Jamus take kafin yaƙin 1914, sannan a watan Satumba na 1938 Ingila da Faransa sun sallama wa Hitila wani yanki na Cekoslobakiya a taron Munich. Wannan jita-jita tana cikin dalilan da suka sa gwamnatin mulkin mallaka ta fito da Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairu 1939, ƙarƙashin kulawar Dokta R. M. East, tare da Malam Abubakar Imam a matsayin edita. Sunan jaridar kansa wa'azi ne, domin kwabo ake sayar da ita.

Wannan jita-jita ba ta yi tsawon rai ba. Tsoro ne ya haife ta, kuma babu wata ƙungiya a Arewa da ke cin abinci da ita, saboda haka da Ingila ta shiga yaƙi da Jamus a watan Satumba 1939 sai ta bushe da kanta. Mai karatu ya riƙe wannan, domin nan gaba za mu haɗu da ƙarairayin da aka ƙaryata su ƙiri-ƙiri amma suka ƙi mutuwa. Bambancin shi ne su waɗancan suna da iyayen gida.

Fartanya da tauraro

A ranar 8 ga Agusta 1950 aka kafa NEPU a Kano. Jam'iyyar Mutanen Arewa kuwa, wadda ta faro a matsayin ƙungiyar al'adu, ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa, NPC, a watan Oktoba 1951. NPC ta ɗauki fartanya alama, NEPU ta ɗauki tauraro. Daga nan kunnen Arewa ya rabu biyu. Ita kanta Gaskiya Ta Fi Kwabo ba ta tsira ba, domin jaridar gwamnati ce, gwamnati kuwa ta koma hannun NPC, ga shi kuma Malam Abubakar Imam yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar. Sai ga jaridar da aka kafa don kashe jita-jita ta zama, a idon 'yan NEPU, bakin abokan hamayya.

Babban yarfen da aka yi wa NEPU a wancan zamani shi ne wai jam'iyyar marasa kunya ce, masu raina iyaye da sarakuna, waɗanda suka sayar da addini saboda ƙawancen da suka ƙulla da NCNC ta Dokta Azikiwe. Wanda duk ya san mutanen ya san maganar ba ta da tushe. Malam Aminu Kano ɗan gidan malanta ne, mai tafsirin Alƙur'ani, Malam Sa'adu Zungur kuwa samun malami kamarsa a zamaninsa sai an tona. Amma dubban mutane sun gaskata, har aka yi gidajen da aka hana ɗan NEPU aure saboda ra'ayinsa. A ɗaya ɓangaren kuma, 'yan NEPU sun ɗauki kowane ɗan NPC a matsayin karen farautar Turawa da sarakuna, duk da cewa a cikinsu akwai malaman makaranta da ma'aikatan da suka shiga jam'iyyar saboda tsoron kada Kudu, wadda ta yi wa Arewa nisa a ilmin boko, ta danne ta bayan tafiyar Turawa.

Kowane ɓangare yana da gaskiyar da ya jingina ƙaryarsa a kanta. Dukan da 'yan doka suka yi wa 'yan NEPU gaskiya ne, ɗaurin da kotunan alƙalai suka yi musu gaskiya ne, Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha shiga kurkuku ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. To wanda ya ga wannan da idonsa, in aka kawo masa labarin wani zaluncin da ba a yi ba, da me zai musa? Haka su ma 'yan NPC. Ihun da aka yi wa wakilan Arewa a Legas a 1953, bayan sun ƙi goyon bayan ƙudurin Anthony Enahoro na neman mulkin kai a 1956, abu ne da ya faru. Wannan ciwo ne ya sa da aka ji Cif Akintola zai kawo rangadin Action Group Kano sai gari ya ɗauki zafi, aka yi tarzomar watan Mayu 1953 wadda hukuma ta ce ta ci rai 36, mutum 241 suka jikkata.

A nan ya kamata mu marubuta mu sunkuyar da kai kaɗan, domin a zamanin da masu karanta jarida ba su da yawa, waƙa ce jaridar talaka. NEPU tana da su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja da Aƙilu Aliyu, NPC kuma tana da nata mawaƙan, ciki har da makaɗan fada irin su Sarkin Taushin Katsina. Sun bar mana fasahar da har yau ake nazari a jami'o'i. Amma waƙar siyasa tana da wata illa: abin da aka ɗaure da amsa-amo yakan zauna a ka, kuma ba wanda ke tsayar da mawaƙi ya tambaye shi hujja. Zambon da aka rera sau ɗari yakan koma kamar tarihi a bakin yaran da suka tashi suna jin sa.

Ko lissafi bai kuɓuta ba. Da aka fitar da sakamakon ƙidayar 1963, wadda ta ba Nijeriya mutum miliyan 55.6, Arewa kuma miliyan 29.8, Firimiyan Gabas Dokta Okpara ya yi watsi da shi, gwamnatin Arewa ta karɓa. Da wuya a sami wanda ya ƙirga ko da mutanen unguwarsu kafin ya ɗauki matsayi. In ka san jam'iyyar mutum, ka san ko ya yarda da ƙidayar.

Shekarar 1966

Babu shekarar da ta nuna tsadar wannan ɗabi'a kamar 1966, kuma Kaduna ce tsakiyar abin. A daren 15 ga Janairu wasu hafsoshin soja suka yi yunƙurin juyin mulki. Manjo Chukwuma Nzeogwu ya jagoranci harin da aka kashe Sardauna Ahmadu Bello a gidansa a Kaduna. Aka kashe Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Akintola, da manyan hafsoshin Arewa irin su Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad. Yawancin waɗanda suka shirya abin 'yan ƙabilar Ibo ne, ba a kashe firimiyan Gabas ba, mulki kuma ya faɗa hannun Janar Aguiyi-Ironsi, wanda shi ma Ibo ne, kuma bai gurfanar da masu laifin gaban kotu ba. Duk waɗannan gaskiya ne, kuma a kansu aka gina duk abin da ya biyo baya.

Abin lura shi ne yadda layin "mu da su" ya matsa. A zaɓen 1964 NEPU tana cikin ƙawancen UPGA tare da NCNC da Action Group, suna fuskantar NPC da ƙawayenta. Wato a jiya ɗan NEPU da ɗan NCNC abokan tafiya ne. A ranar 24 ga Mayu 1966 Ironsi ya soke jam'iyyun siyasa, ya kuma kafa Doka ta 34 wadda ta rushe tsarin jihohi ta haɗe aikin gwamnati wuri guda. An rushe jam'iyyu a takarda, sai ɓangaranci ya sake riga. Ɗan fartanya da ɗan tauraro suka wayi gari a jam'iyya ɗaya mai suna Arewa, kuma labarin da ɗan NEPU zai yi wa dariya a 1964 ya zama abin da yake rantsuwa a kansa a 1966.

A cikin wannan yanayi kowane abu ya zama hujja. Aka yi ta ba da labarin hotunan Nzeogwu da ake kafawa a shaguna don tsokana. Wani faifan garmaho mai ɗauke da kukan akuya aka fassara shi da cewa izgili ne ga Sardauna. Mujallar Drum ta fito da rubutun da aka ɗauka cin mutuncin mamaci ne. Wasu daga cikin waɗannan tsokana sun faru da gaske, amma wanda ya gani da ido ɗaya ne, waɗanda suka ji a tasha dubu ne, kuma a kowane baki labarin yana ƙara ƙiba. A ƙarshen watan Mayu aka yi tarzomar da ake kira Araba a Kano da Kaduna da Zariya da Katsina da Gusau da wasu garuruwa. A ranar 29 ga Yuli sojojin Arewa suka yi juyin mulkin ramuwa, aka kashe Ironsi, Laftanar-Kanar Yakubu Gowon ya hau.

Sai kuma mafi muni. A kwanakin ƙarshe na watan Satumba, ana tsakiyar taron tsarin mulki a Legas, gidan rediyon Kwatano na ƙasar Dahomey ya ba da labarin cewa ana karkashe 'yan Arewa a Jihar Gabas. Rediyon Kaduna ya ɗauko labarin ya maimaita shi da Turanci da Hausa. An taɓa 'yan Arewa a wasu garuruwan Gabas, kuma tun kafin wannan sanarwa sojoji sun fara kashe-kashe a wasu garuruwan Arewa. Amma labarin ya zo babu adadin da aka tantance, babu sunan wanda ya gani, kuma ya fito daga bakin gidan rediyon da Arewa ta ɗauka nata ne tun kafa shi a 1962. Abin da rediyo mai jini ke raɗawa, yau ga shi rediyon gwamnati ya faɗa. Daga 29 ga Satumba zuwa farkon Oktoba aka afka wa 'yan Gabas a garuruwa da yawa. A ranar 1 ga Oktoba sojojin bataliya ta 5 suka yi bore a Kano suka buɗe wuta a filin jirgin sama da tashar jirgin ƙasa, har sai da Gwamnan Arewa Hassan Usman Katsina ya je da kansa ya fuskance su. Alƙaluman da masu tarihi ke ambatawa na waɗanda aka kashe a wannan shekara sun kama daga 8,000 zuwa 30,000, kuma fiye da mutum miliyan ɗaya suka gudu Gabas. A can ma aka yi ramuwa a kan 'yan Arewa, aka kuma umarci waɗanda ba 'yan jihar ba su fice. A ranar 30 ga Mayu 1967 aka ayyana Biyafara, yaƙi ya ci har Janairu 1970.

Ba za a ce sanarwar rediyo ɗaya ce ta haddasa yaƙin basasa ba, domin itacen ya riga ya bushe. Sai dai akwai tambayar da ta dace kowane mai alƙalami ya yi wa kansa: da a ce rediyon Kwatano cewa ya yi 'yan Arewa ne ke kashe mutane, shin da an maimaita labarin a Kaduna ba tare da bincike ba? Amsar a fili take. Da an ce farfagandar maƙiya ce, a jira a tabbatar. Ashe ma'aunin tantancewa yana nan, ajiye shi aka yi saboda labarin ya zo daidai da abin da zuciya ke jira. Kuma ya kamata a tuna cewa a cikin wannan duhu an sami sarakuna da malamai da talakawan da suka ɓoye maƙwabtansu 'yan Gabas a gidajensu. Su ma sun ji rediyon. Sanin da suka yi wa maƙwabcin ne ya fi ƙarfin labarin.

"Ai ba ɗan ƙasa ba ne"

Akwai wata ƙarya guda da ta yi ta sauya jam'iyya a tarihinmu, kuma bin sawunta yana koyar da abu mai yawa. A watan Janairu 1980 gwamnatin NPN ta Alhaji Shehu Shagari ta sa aka kama Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na Majalisar Jihar Borno kuma jigo a GNPP, aka tsallakar da shi iyaka zuwa Cadi, wai ba ɗan Nijeriya ba ne. Babbar kotun Maiduguri ta tabbatar ɗan ƙasa ne, ta soke korar, kotun ɗaukaka ƙara ma ta goyi bayansa. A lokacin, magoya bayan NPN da yawa sun yarda Bacade ne, 'yan GNPP da PRP da UPN kuwa tun ranar farko suka ce sharri ne. Ba wanda ya je ya binciki asalin mahaifiyarsa a cikinsu kafin ya yanke hukunci.

Shekara 37 bayan haka maganar ta dawo da sabuwar riga. A 2017 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya yi doguwar jinya a Landan, zuwansa na biyu ma ya haura kwana 100. Sai jagoran 'yan a-waren Biyafara, Nnamdi Kanu, ya yi ta yaɗa cewa Buhari ya rasu, wanda ke fadar gwamnati wani Basudane ne mai kama da shi, wai shi Jibrin. Aka yi ta jera hotuna a Facebook da WhatsApp ana gwada kunne da tafin hannu. Maganar ta yi ƙarfin da sai da Buhari da kansa ya ƙaryata ta a gaban 'yan Nijeriya mazauna ƙasar Folan a watan Disamba 2018. Mutumin ya ƙarasa mulkinsa a 2023, ya rayu har watan Yuli 2025, amma har ya koma ga Mahaliccinsa akwai masu cewa Jibrin ne.

Kafin magoya bayan APC su gama dariyar wannan wauta, sai ga lauyoyin jam'iyyarsu a 2019 sun gaya wa kotun sauraron ƙarar zaɓe cewa Alhaji Atiku Abubakar na PDP ba haifaffen Nijeriya ba ne, domin an haife shi a Jada a 1946, lokacin tana cikin yankin Arewacin Kamaru da Ingila ke riƙo. Gaskiya ne yankin ya shigo Nijeriya ne bayan ƙuri'ar raba-gardama ta 1961, har aka sa masa suna Lardin Sardauna. Amma mutumin ya riga ya yi Mataimakin Shugaban Ƙasa shekara 8, kuma kotun ba ta karɓi hujjar ba. Duk da haka sai ka tarar da wanda ya ce maganar Jibrin hauka ce yana yaɗa ta Kamaru, wanda ya ce ta Kamaru cin fuska ce yana yaɗa ta Jibrin. Laifi tudu ne. Kuma cutar ba tamu ba ce mu kaɗai: a Amurka an shekara da shekaru ana cewa a Kenya aka haifi Barack Obama, ya fito da cikakkiyar takardar haihuwarsa ta Hawaii a 2011, amma 'yan jam'iyyar Republican masu yawa suka ci gaba da shakka.

Allura da wayar hannu

Wani lokaci ɓangarancin yakan tsallake rumfar zaɓe ya shiga ɗakin yara. A 2003, watanni kaɗan bayan zaɓen da Obasanjo ya kayar da Buhari, kuma a shekarar da Amurka ta mamaye Iraƙi, magana ta bazu cewa an sa maganin hana haihuwa a rigakafin shan-inna. Jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin. A nan ma akwai gaskiyar da aka jingina a kanta: a 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya shafi yara 200 a Kano, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a shekara da shekaru. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma abin da ya ƙara wa maganar ƙarfi shi ne daga Abuja ake cewa a yi rigakafin, Abuja kuwa a lokacin ta "su" ce. Kano ba ta dawo ba sai a watan Yuli 2004, da aka kawo maganin daga Indunusiya. Kafin nan cutar ta tsallaka ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita, kuma sai a watan Agusta 2020 aka tabbatar Afirka ta kuɓuta daga ƙwayar cutar ta asali. Yaran da suka shanye a tsakani ba su da katin kowace jam'iyya.

Wayar hannu ta shigo a 2001, ta ba kowane rediyo mai jini eriya. Bayan zaɓen shugaban ƙasa na 16 ga Afrilu 2011 rikici ya ɓarke a jihohin Arewa 12, ƙungiyar Human Rights Watch ta ce an kashe fiye da mutum 800 cikin kwana 3, kuma Jihar Kaduna ce ta fi kowace asara, musamman Zonkwa da Kafancan. Saƙonnin waya sun yi ta yawo a kowane ɓangare, wannan ana gaya masa an murɗe zaɓe, wancan ana gaya masa ga mahara nan tafe. Tafiyar da labari ke yi a kwana biyu a bayan tirela ya koma yin ta kafin mai shayi ya gama fifita wuta.

Abin da masu bincike suka gano

Masanan halayyar ɗan'adam sun auna abin da Ibn Khaldun ya faɗa. A wani binciken da aka buga a 1954, wasu malamai biyu a Amurka, Hastorf da Cantril, sun nuna wa ɗaliban jami'o'in Princeton da Dartmouth fim ɗin wasan ƙwallon da makarantunsu suka buga da juna, suka ce kowa ya ƙirga laifuffukan da ya gani. Fim ɗaya ne, amma ɗaliban Princeton sun ga laifin 'yan Dartmouth ya ninka abin da 'yan Dartmouth suka gani. So hana ganin laifi. A 2018 kuma masu bincike a jami'ar MIT sun bi sawun labarai kusan 126,000 a dandalin Twitter, wanda ake kira X yanzu, suka tarar labarin ƙarya ya fi na gaskiya saurin yaɗuwa da nisan tafiya, na siyasa kuma shi ne kan gaba. Wani binciken da aka buga a 2021 ya nuna waɗanda suka fi tura labaran ƙarya su ne waɗanda suka fi ƙin jam'iyyar hamayya, ko da kuwa masu ilmi ne.

Wannan na ƙarshe ya dace da abin da muka gani a tarihinmu. Ba jahilai ne suka karanta labarin Kwatano a rediyo ba, ba jahilai ne suka sa hannu a takardar korar Shugaba ba. Sau da yawa mai tura labari bai ma tsaya ya tambayi kansa ko gaskiya ne ba. Turawar ita ce mubaya'a, ita ce hular jam'iyya da yake sawa don 'yan'uwa su gani. Wanda kuma ya ce a dakata a bincika, shi ake fara zargi da cin amana.

Kammalawa

'Yan'uwa marubuta, mu ne muka gaji kujerar Abubakar Imam da ta Mudi Sipikin, kuma a yau da yawa daga cikinmu ake nema a lokacin zaɓe, wani ya rubuta waƙa, wani ya zama sojan baka a rediyo, wani ya riƙe wa ɗan takara shafi a intanet. Ba laifi ba ne marubuci ya yi jam'iyya, domin Sa'adu Zungur ma ya yi. Abin da tarihin nan ke nema a gare mu guda biyu ne. Na farko, mu ari dabarar malaman hadisi, waɗanda ba sa karɓar magana sai sun san wa ya faɗa, shi kuma daga wa ya ji. Labarin da salsalarsa ta ƙare a "an ce" ko "wani na kusa da su ya gaya mini" bai cancanci tawadarmu ba. Na biyu, duk labarin da ya yi mana daɗi ƙwarai, mu juya shi mu ce da a kan namu aka faɗa, wace hujja za mu nema? Sai mu nemi wannan hujjar kafin mu rubuta.

Ga masu ƙagaggun labarai kuma, ga fili nan da ba a nome ba. Littattafanmu cike suke da maƙaryata, amma da wuya ka ga an zana mutumin kirki, mai salla, mai riƙon amana, wanda ya ji labari a tasha ya gaskata saboda ƙaunar da yake yi wa mutanensa, ya kai shi gida, gobe aka ƙone shagon maƙwabcinsa. Irin wannan mutum shi ya fi yawa a 1953 da 1966 da 2011, kuma dattawan da suka ga 1966 da idonsu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya a Kawo da Rigachikun da Katabu da Tudun Wadar Zariya. Wanda ke da alƙalami da kunne ya je ya zauna da su tun suna nan, ya tambaye su abin da suka ji a wancan mako, da bakin wanda suka ji shi, da abin da suka gano daga baya.